Sharhi: Sau da yawa mai ne ke yankewa, a ce injin jirgi ne ya mutu

Da misalin ƙarfe 12:14 na ranar Juma'a, 28 ga Agustan 2020, wani jirgi mai saukar ungulu ƙirar Bell 206, mallakar kamfanin Quorum Aviation, ya rikito a tsakanin gidaje biyu a unguwar Opebi da ke Ikeja, a Legas. Mutum uku ne a cikinsa. Biyu suka rasu nan take, na ukun ya cika a asibiti. Jirgin ya taso ne daga Fatakwal, ya kusa shafe awa uku a sama, kuma saura masa 'yan kilomita kaɗan ya isa filin jirgin sama na Murtala Muhammed.

Abin da ya ɗaure wa mazauna unguwar kai a ranar shi ne yadda jirgi ya faɗo ya ragargaje amma wuta ba ta tashi ba. Kafin yamma labari ya bazu cewa matuƙin ne, da ya ga ba makawa, ya zubar da man da ke tankinsa a sama domin kada ya ƙone gidajen mutane. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma jama'a sun so ya zama gaskiya. Sai dai bayan 'yan makonni, da Hukumar Binciken Haɗuran Jiragen Sama ta lokacin, wato AIB, ta fitar da rahotonta na farko, ta bayyana cewa irin wannan jirgi ba shi da hanyar zubar da mai a sama ko kaɗan. Ta kuma ce masu bincike ba su tarar da mai a tankunansa ba.

Alƙaluman da ke cikin rahoton sun cancanci a tsaya a kansu, domin duk wanda ya iya tarawa da ɗebewa zai iya bin su. An cika tankin jirgin a ranar 27 ga Agusta. Idan tankin ya cika fal, man yana ɗaukar jirgin awa 3 da minti 24, ba tare da an ware komai na ko-ta-kwana ba. Bayan an cika shi, a wannan ranar aka kunna injin na minti 10 a ƙasa, aka kuma yi tashin gwaji na minti 20. Washegari matuƙin ya rubuta a takardar shirin tafiya cewa yana da man awa 3 da minti 15, kuma tafiyar za ta ɗauke shi awa 2 da minti 45. An tayar da inji da ƙarfe 9:15, jirgi ya ɗaga da ƙarfe 9:20.

Idan har ba a ƙara mai bayan gwajin ba, to rabin awar da aka nuna a takarda a matsayin rara an riga an ci mafi yawanta tun jirgin bai bar Fatakwal ba. Sannan tafiyar da aka ƙiyasta a awa 2 da minti 45 ta kai awa 2 da minti 54 ba a iso ba. Rahoton farko ba ya yanke hukunci kan musabbabin haɗari, aikinsa shi ne ya jera abin da aka tabbatar. Amma waɗannan 'yan alƙaluma sun isa su nuna siffar matsalar da masana harkar jiragen sama suka daɗe suna kuka da ita a duk duniya: ƙaramin jirgi mai lafiyayyen inji yakan faɗo saboda man bai kai ga injin ba, kuma yawanci tun a ƙasa ake yanke shawarar da ke kai shi ga haka.

A bakin jama'a, har ma a kanun labarai, duk jirgin da farfelarsa ta tsaya a sama sai a ce ya samu tangarɗar inji. Wannan furuci yana jingina laifin ga ƙarfe. Masu bincike kuwa sukan raba lamarin gida-gida. Akwai ƙarewar mai ƙarƙaf, inda tanki ya bushe. Akwai yankewar mai, inda man yana nan a cikin jirgin amma bai samu hanyar zuwa inji ba. Akwai kuma gurɓataccen mai ko wanda bai dace da injin ba. Kowanne da irin yadda yake faruwa, kuma a duka ukun ana iya kwance injin a same shi garau.

Najeriya ba ta da ƙananan jirage masu yawan da za a gina ƙididdiga a kansu, don haka dole a leƙa Amurka, inda irin waɗannan jirage suka fi yawa a duniya. A shekarar 2017 Hukumar Kiyaye Haɗuran Sufuri ta ƙasar, NTSB, ta fitar da gargaɗi na musamman kan wannan batu. Ta ce daga 2011 zuwa 2015, a kowace shekara ana samun haɗura fiye da 50 na ƙananan jirage saboda rashin kula da sha'anin mai. Kashi 56 cikin 100 na waɗannan ƙarewar mai ce, kashi 35 kuma yankewarsa. A kashi 95 cikin 100 an gano hannun ɗan Adam, yayin da lalacewar na'ura ba ta kai kashi 5 ba.

Wani adadi a cikin gargaɗin ya fi sauran ban tsoro. Kusan rabin matuƙan da abin ya rutsa da su, kashi 48 cikin 100, suna riƙe da lasisin tuƙin haya ko ma lasisi mafi girma na tuƙa jiragen fasinja. Ɗalibai masu koyon tuƙi kashi 2 ne kacal. Ɗalibi yana tsoron malaminsa, yana tsoron jirgin, don haka yakan hau tsani ya buɗe murfin tanki ya leƙa. Wanda ya yi shekaru yana tashi yana sauka lafiya shi ne yake fara yarda da ƙiyasinsa, ya ce ai jiya aka cika, ai hanyar nan na san ta.

Direban mota da ya saba dogaro da geji zai yi tambayar da ta dace: ashe jirgi ba shi da gejin mai? Yana da shi, amma a yawancin tsofaffin ƙananan jirage gejin ba abin dogaro ba ne. Tankunan suna cikin fukafukai, shimfiɗaɗɗu ne marasa zurfi, ɗan karkatar jirgi kaɗan sai man ya gangara gefe guda, allura ta yi ta rawa. Ƙa'idar ƙera jirage da aka daɗe ana aiki da ita a Amurka ta fi ƙarfafa cewa gejin ya nuna sifiri daidai lokacin da man da za a iya amfani da shi ya ƙare. Shi ya sa ake koya wa matuƙi tun a makaranta cewa agogo shi ne gejinsa na gaskiya. Ya auna man da sandar awo kafin ya tashi, kamar yadda ake auna tankin gidan mai, ya san abin da injinsa ke sha a awa, ya rubuta lokacin da ya kunna, sannan ya san ƙarfe nawa ne dole ƙafafun jirgin su taɓa ƙasa, ko ya isa inda za shi ko bai isa ba.

Cessna 172, wanda shi ne ƙaramin jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi, ya isa misali. Sabon samfurinsa yana ɗaukar galan 56 na Amurka, amma 53 ne kawai za su iya kaiwa ga inji. Ragowar ukun suna maƙale a kusurwar tanki. Yana shan tsakanin galan 8 zuwa 10 a awa. Wannan tazara ta galan biyu ba ƙarama ba ce: a kan galan 8 man zai wuce awa shida da rabi, a kan galan 10 kuwa da kyar zai haura awa biyar da kwata. Adadin da littafin jirgin ya bayar ya ginu ne a kan cewa matuƙi zai rage kaurin man da ke gauraya da iska da zarar ya kai sama, ta hanyar wani maɓalli da aka tanada don haka. Wanda ya manta, ko ya ƙi yi don tsoron zafin inji, zai ƙona mai fiye da lissafinsa ba tare da wata alama ba.

Sai kuma iska. Mota tana auna tafiyarta da kilomita, jirgi kuwa da lokaci yake auna tasa. Jirgin da ke gudun kilomita 200 a awa, idan ya tunkari iska mai gudun kilomita 40, abin da yake ci a ƙasa ya koma 160. Tafiyar awa biyu ta zama ta awa biyu da rabi. A ƙara da kewaye hadari a lokacin damina, ko laluben fili a cikin hazon hunturu, ko umarnin hasumiya na a dakata a yi shawagi har manyan jirage su sauka, kamar yadda yakan faru a filaye masu cunkoso irin na Legas da Abuja. Ƙa'idojin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, waɗanda Najeriya ta gina nata a kansu, sun tanadi cewa ƙaramin jirgi mai tafiya da ganin ido ya tashi da rarar man minti 30 da rana, minti 45 da dare, mai saukar ungulu kuma minti 20. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, kuma an so ne a sauka yana nan cikin tanki ba a taɓa shi ba. Makarantu da kamfanoni da dama suna ɗora wa matuƙansu dokar sauka da man awa guda cur.

Yankewar mai ta fi ƙarewarsa ban takaici, domin a nan mutum yana faɗowa ne da maganin matsalarsa a cikin jirgi. Duk ɗan acaɓan da ya taɓa tuƙa tsohon babur ya san abin: inji ya fara tari a tsakiyar hanya, sai ya sa hannu ƙarƙashin tanki ya murɗa ɗan famfon nan zuwa ɓangaren ajiya, babur ya farfaɗo. Ƙananan jirage da yawa haka suke. A jiragen Piper masu fukafukai a ƙasa, maɓallin zaɓen tanki yana da hagu, dama da rufewa ne kawai, babu matsayin da zai sha daga tankunan biyu a tare. Dole matuƙi ya riƙa sauyawa lokaci-lokaci. Idan hira ko aikin rediyo ya ɗauke masa hankali, tanki ɗaya zai bushe alhali ɗayan na cike.

Mutuwar mawaƙin Amurka John Denver a ranar 12 ga Oktoban 1997 sanannen misali ce. Matuƙi ne mai fiye da awa 2,700 a sama, amma jirgin da ya hau ranar, ƙirar Long-EZ da wani ya harhaɗa da hannu, bai daɗe da saya ba. Wanda ya harhaɗa jirgin ya saɓa wa zanen asali, ya ɗauke maɓallin sauya tanki daga gaban matuƙi ya mai da shi bayan kafaɗarsa ta hagu. Gejin man ma a baya yake, sai da madubi ake ganinsa. Kafin ya tashi daga Monterey a jihar Kalifoniya, ma'aikacin filin ya nuna masa man ya yi ƙasa, ya ce ba komai, bai fi awa guda zai yi ba. Da injin ya fara yankewa a kan teku, ya juya jikinsa don ya kai hannu ga maɓallin, ƙafarsa ta danne fedar da ke karkatar da wutsiyar jirgin, jirgin ya kife cikin ruwa. Hukumar NTSB ta ɗora alhakin a kan wurin da aka sa maɓallin, da ƙin shan mai, da rashin sabo da jirgin.

Na'urorin zamani ma ba su kawar da matsalar ba. A daren 29 ga Nuwamban 2013, jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ƙirar EC135, mai inji biyu, ya faɗo a kan rufin wata mashaya mai suna Clutha a birnin Glasgow na Birtaniya, mutum 10 suka mutu. Masu bincike sun tarar da fiye da kilo 70 na mai a babban tankinsa. Famfuna biyu da ke tura man daga babban tanki zuwa ƙananan tankunan da injina ke sha daga ciki an same su a kashe. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, an danna alamar an ji, amma ba a sauka cikin minti 10 kamar yadda ƙa'ida ta tanada ba. Injinan biyu suka mutu, tsakaninsu kimanin rabin minti. Inji biyu ba su da wata fa'ida a kan guda idan matsala ɗaya ce ta yanke musu abinci.

A Najeriya, ɓangaren da ya fi kamata a sa wa ido shi ne ingancin man kansa. Ruwa ya fi man jirgi nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututun inji yake zuƙa. Yana shiga ta murfin da robarsa ta tsufa a lokacin ruwan sama, ko ta raɓar da ke taruwa cikin tankin da aka bari rabi ya kwana, ko kuma ya zo tun daga motar dakon man. A watan Yulin 2023 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da jiragen Boeing 737 na kamfanin Max Air na wani lokaci, kuma cikin dalilan da ta lissafa har da gurɓatar mai a tankin ɗaya daga cikinsu, wadda ta kashe ƙaramin injin taimako yana ƙasa a filin jirgin Yola a ranar 7 ga watan. Wannan babban jirgi ne na kamfani mai injiniyoyi da takardu. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ba ya buƙatar ruwa mai yawa kafin injinsa ya tsaya, kuma ya fi tsayawa ne jim kaɗan da ɗagawa, lokacin da hanci ya ɗaga sama, ruwan ya gangaro bakin bututu. Rigakafin ba ya cin ko sisi: kafin tashin farko na kowace rana, da bayan kowane shan mai, a tatsi kaɗan daga ƙasan kowane tanki a cikin kofin gilashi, a ɗaga shi ga haske.

Wannan kofin yana kuma tona wani kuskuren. Man jirgi iri biyu ne. Jiragen da ke da injin fistan da fulogi, irin na mota, suna shan wani fetur na musamman da ake kira Avgas, wanda ake rina nau'insa mafi yaɗuwa da shuɗi. Jiragen jet da mafi yawan masu saukar ungulu suna shan Jet A1, wanda dangin kananzir ne. Idan aka zuba kananzir a jirgin fetur, injin zai tashi lafiya, ya yi tafiya a kan titi lafiya, domin yana shan ragowar man kirki da ke cikin bututu. Sai an ba shi wuta gaba ɗaya, an rabu da ƙasa, sannan gaurayen ya iso, ya fara fashewa ba bisa tsari ba a cikin silinda har ya lalata injin cikin 'yan mintuna. Haka ta faru a Las Cruces ta jihar New Mexico a ranar 27 ga Agustan 2014, inda aka zuba galan 40 na man jet a wani jirgin ɗaukar marasa lafiya ƙirar Cessna 421. Mutum huɗu suka mutu, har da majinyacin da aka ɗauko.

Yanayin kasuwar mai a Najeriya ya ƙara wa wannan haɗari nauyi ta wata fuska, ya rage shi ta wata. Jet A1 ne ake samu a manyan filayen jirage. Avgas kuwa shigo da shi ake yi, yana da tsada, kuma filaye kaɗan ne ke ajiye shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta fara sauya tsofaffin jiragen koyonta ƙirar Tampico masu shan Avgas da jiragen Diamond masu injin da ke aiki da Jet A1 tun daga 2017. Sauyin ya sauƙaƙa samun mai, kuma sababbin jiragen suna da kwamfutar da ke daidaita shan mai da kanta. Amma ya haifar da yanayin da jirage biyu masu farfela, masu kama da juna a idon ma'aikacin famfo, za su tsaya gefe da gefe, kowanne man ɗayan guba ne a gare shi. Matuƙin da ya bar jirginsa ana zuba mai ya tafi shan shayi ya miƙa ransa ga zaton wani.

Wanda har yanzu yake tuƙa jirgin Avgas yana fuskantar wata jarrabawar. Idan babu man a inda za shi, ko dai ya ɗauki na zuwa da dawowa, wanda nauyinsa zai rage yawan fasinja da kaya, ko ya tura durom ta mota a ajiye masa. Man durom da ya daɗe a rana da ruwan sama yana tara ruwa da tsatsa. Akwai kuma sha'awar zuba fetur ɗin mota saboda arha. Wasu ƙananan injina an amince musu da shi, amma a wanda ba a amince ba, fetur ɗin mota yakan zama tururi a cikin bututu idan zafi ya yi yawa, famfo ya yi ta zuƙar iska.

Ba kowace mutuwar inji ce ta samo asali daga tanki ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Sassa sukan karye, makaniki yakan yi kuskure. Akwai ma wani abu da mutanen ƙasa mai zafi kan ɗauka bai shafe su ba, wato ƙanƙara a cikin kafireto. Iskar da ke ratsa maƙogwaron kafireto tana yin sanyi ƙwarai saboda matsewa da kuma tururin fetur, har raɓar da ke cikinta ta daskare ta toshe hanya. Littattafan koyarwa na Amurka sun yi gargaɗin cewa hakan na iya faruwa ko da zafin waje ya haura maki 30, muddin akwai danshi a iska, wanda shi ne yanayin kudancin Najeriya a mafi yawan shekara. Kafin masu bincike su iso, ƙanƙarar ta narke, babu shaida.

To me ke sa ƙwararren matuƙi, wanda ya san duk wannan, ya wuce filin da zai iya shan mai? Tsakanin Fatakwal da Legas akwai filin Osubi kusa da Warri, akwai na Benin. Amsar tana cikin abubuwan da ba a rubutawa a littafin jirgi. Kowace sauka kuɗi ce: na sauka, na hidima, na lokaci. Man kansa ya yi tsada; a watan Mayun 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Najeriya ta yi barazanar dakatar da aiki, tana cewa litar Jet A1 ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Ƙaramin kamfani mai jirgi ɗaya ko biyu ya fi kowa jin wannan a jikinsa. Sannan akwai fasinja, wanda a irin waɗannan jirage yawanci babban mutum ne mai taro a gabansa, kuma shi ke biyan albashi. Filaye da dama a ƙasar nan ba sa aiki bayan faɗuwar rana, don haka tsayawar minti 40 na iya zama kwana a hanya. Idan aka haɗa waɗannan, matuƙi yakan fara lallashin kansa da cewa saura kaɗan. Kuma gaskiya ne saura kaɗan. Da yawa daga cikin irin waɗannan jirage suna faɗowa ne filin saukar na gabansu.

Kunya ma tana da nata kason. Matuƙin da man sa ya yi ƙasa yana da kalmomin da doka ta ba shi. Tun 2012 ICAO ta fayyace matakai biyu: na farko ya sanar da hasumiya cewa mansa ya kai mafi ƙaranci, ba zai iya jure wani jinkiri ba, na biyu ya ayyana halin gaggawa da kiran nan na Mayday sau uku haɗe da ambaton mai, wanda ke tilasta a share masa hanya. Amma wanda ya furta haka ya san zai cika takardu, zai amsa tambayoyi, wataƙila ya rasa aikinsa. Wasu sukan zaɓi yin shiru su yi fata. A haɗarin jirgin Avianca kusa da New York a watan Janairun 1990, inda mutum 73 suka mutu, matuƙan sun yi ta gaya wa masu kula da zirga-zirga cewa mai na ƙarewa, amma ba su furta kalmar gaggawa ba har injina huɗu suka tsaya. Nan ne hukuma take da rawar takawa: idan matuƙan Najeriya suka ga wanda ya faɗi gaskiya a rediyo ya sauka lafiya an hukunta shi fiye da kima, na gaba ba zai faɗa ba.

Mutuwar inji ita kaɗai ba hukuncin kisa ba ce. Ƙaramin jirgi mai fukafukai ba ya faɗowa kamar dutse. Cessna 172 yana tafiyar kimanin mita tara gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauka, wato daga tsayin ƙafa 3,000 yana iya kai kilomita takwas, cikin kusan minti huɗu. Wannan ya isa a sauya tanki, a kunna famfon taimako, a zaɓi gona ko fili. Kuma yana iya taɓa ƙasa da gudun da bai kai kilomita 100 a awa ba. Abin da ya fi kisa shi ne matuƙi ya ja hanci sama don ya tsawaita tafiyar har fukafukan su daina ɗaukar jirgin, ko kuma, idan injin ya mutu jim kaɗan da tashi, ya yi ƙoƙarin juyawa ya koma titin da ya baro alhali ba shi da tsayin da zai ishe shi. Mai saukar ungulu kuwa lokacinsa ya fi ƙanƙanta. Yana da daƙiƙa ɗaya ko biyu ya sauke madaidaicin farfela domin iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya ta, sannan ya nemi fili kusa da ƙafarsa. A sararin Ikeja, inda rufi ke manne da rufi, irin wannan fili yana da wuyar samu.

Muhawarar da aka fi yi kan ƙananan jirage a Najeriya a 'yan shekarun nan ta lasisi ce. A 2024 ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamiti kan masu jiragen ƙashin kai da ke yin haya ba da izini ba, NCAA kuma ta dakatar da izinin wasu. Matakin yana da alaƙa da batun mai fiye da yadda ake zato, domin kamfanin haya mai rajista dole ne ya ajiye takardar shirin kowace tafiya da rasiɗin man da aka sha, kuma akwai wanda zai duba lissafin matuƙi kafin ya tashi. Mai haya a ɓoye babu mai duba nasa. Abin da ya rage shi ne masu sa ido su riƙa gwada waɗannan takardu da juna a lokacin da babu haɗari: awa nawa aka yi a sama, lita nawa aka saya, da nawa aka sauka. Kamfanin da jiragensa ke yawan sauka da man minti 10 za a gane shi daga littafinsa.

Ga Hukumar NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin AIB tare da ƙara mata binciken haɗuran jiragen ƙasa da na ruwa, ƙananan jirage su ne mafi wahalar bincike. Doka ba ta tilasta wa mafi yawansu ɗaukar na'urar naɗar bayanai ba, kuma jirgin Opebi ma ba shi da ita. Abin da mai bincike yake da shi shi ne tankin da zai leƙa, bututun da zai kwance, ƙasar da zai sansana ko mai ya zuba, yanayin lanƙwasar farfela da ke nuna ko tana juyawa da ƙarfi lokacin da ta bugi ƙasa, da rasiɗin gidan mai. Ƙa'idar ICAO ta nemi a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma, in da hali, cikin wata 12. Ɗaliban da ke koyon tuƙi a Zariya da Ilorin suna iya nazarin haɗarin Monterey da na Glasgow dalla-dalla, saboda hukumomin can sun wallafa komai. Hanyar Fatakwal zuwa Legas kuwa ita ce za su bi da kansu idan sun kammala, da iskarta, da hadarinta, da jiran layi a sararin Ikeja.